Zaren Lahadi

Shekara ashirin da shida ina ɗinki a Nima,
na san zaren da ke cin allura,
na san mai tsinkewa daren jajibirin salla,
amma zaren fatsa ya mai da ni ɗan koyo.

Lahadin da ta wuce, a dam ɗin Weija,
tarwaɗa ta ja, na ja,
sanda ta rusuna kamar mai gaida suruki,
sai tas!
Na dawo da guntun zare da rabin dokunu.
Lamisi ta leƙa bokiti, ta leƙa fuskata,
ta ɗora tukunyar wake, ba ta ce uffan ba.

Talata na ja ƙofar shago da la'asar,
na hau trotro zuwa Jamestown,
gun Ataa Kwei mai kayan su,
tsohon da ya tsinci Hausarsa gun mahautan Sabon Zango.

Ya zube kwarkwaro uku kan benci.
Na fari kitso ne mai sili huɗu,
kaushinsa kamar tafin birkila,
yana yanka ciyawar ruwa, kututture bai ba shi tsoro,
sai dai kuka yake cikin zobban sanda,
kuma jifarsa gajeriya.
Na biyu sili takwas, sumul,
na murza shi, yatsuna suka ce siliki.
Yana zuwa nesa, shiru,
amma in ya gogi dutse sau biyu sai ya fara gemu.
Na uku siriri, mai kyau, mai araha.
Ya ce kar ma in kalla.
A irin injina, mai kwarkwaro yana juyi a sama,
siriri nutsewa yake cikin 'yan'uwansa,
jifa ta gaba ya ƙame,
ƙugiya ta yi tafiyarta ita kaɗai.

Na ce guda nake so,
wanda zai je Weija,
ya je bakin Densu inda gishiri ke shigowa,
hayar shago ba ta bar mini kuɗin uku ba.

Ya yi dariya da haƙoransa biyu.
"Tela Gariba, ka taɓa ɗinka rigar
da ta yi wa kowa daidai?"
Na ce, "Babbar riga."
Ya ce, "To ga babbar rigarka:
sili takwas, mai ɗaukar kilo sha huɗu,
bai yi kaurin igiyar shanya ba,
bai yi sirantar da zai ci amanarka ba.
Koren zai koɗe kafin azumi,
launi ne ya tafi, ƙarfi na nan.
Ka ɗaura gaba guda na zaren roba a baki saboda duwatsu.
Ka naɗa da tauri, da jiƙaƙƙen tsumma."

Sidi ɗari da tamanin.
Na yi ta magiya har ya sauko da ashirin.
Zan tafi, ya riƙe hannuna,
ya juya babban yatsana kamar mai duba doya,
ya ga kantar almakashi.
"Birkin yana nan," in ji shi,
"wannan kuwa ba na sayarwa."

Yanzu kullum bayan lisha
ina lungun gidanmu, ƙarƙashin fitilar mai shayi,
na ɗaura noti a madadin ƙugiya,
ina jifar bokiti daga taku goma sha biyar.
Yara sun jeru kan gwata suna ƙirga kuskurena.
Jiya na ɗaga yatsa da wuri,
zaren ya tashi ya cukurkuɗe,
sabo fil, ya koma soson wanka.

Lamisi ta fito da tsinken tsifa,
ta zauna kan turmi, ta karɓe injin,
sili bayan sili, har aka rufe rediyo.
Ta miƙo mini, ta ce zaren kam ya yi,
amma ran Asabar za ta biya Malata
ta sayo kifi,
ko da wani abu.